KWAMFUTAR ALLO A HANNUN MATUƘIN JIRGI: RIBARTA DA IYAKARTA GA MASU SUFURIN RUWA

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗora buhunan shinkafa ko kwandunan busasshen kifi a jirgin ruwa daga Yawuri zuwa Malale, ko kuwa daga Patigi zuwa Katcha, ya san cewa da zarar jirgi ya bar kwata, to, dukiyarsa da ransa sun koma hannun mutum guda, wato matuƙin da ke zaune a gindin jirgi yana riƙe da hannun inji. Wannan matuƙi ba shi da taswira, ba shi kuma da wata na'ura. Abin da yake da shi shi ne ilmin da ya gada daga iyaye da kakanni: wata bishiya a gaɓa, wani dutse a kan tudu, launin ruwa, da yadda igiya ke karyewa a kan tudun yashi. Ilmin nan ya daɗe yana ciyar da al'umma, amma yana da lokacin da yakan gaza, wato idan dare ya yi, ko hazon hunturu ya sauka, ko kuma ruwa ya cika ya shanye alamomin da ido ya saba da su.

A cikin shekarun baya-bayan nan masu ƙananan jiragen ruwa a ƙasashen Turai da Amurka da Asiya sun rungumi wata hanya mai sauƙin kuɗi ta gane inda suke a kan ruwa. Hanyar kuwa ita ce amfani da ƙaramar kwamfutar nan shafaffiya mai siffar allon karatu, wadda masu sayar da wayoyi ke kira tablet. Akan ɗora mata taswirar ruwa, ita kuma ta riƙa nuna wa matuƙi jirginsa a matsayin ɗan ɗigo mai tafiya a kan taswirar, tare da saurin da yake yi da kuma nisan da ya rage masa. Tambayar da ta kamata masu zuba jari a sufurin ruwa a Nijeriya su yi ita ce, shin wannan na'ura za ta biya kuɗinta a kan kogin Kwara da Binuwai da tafkin Kainji, kuma wane haɗari ne za ta iya karewa, wane ne ya fi ƙarfinta?

YADDA NA'URAR KE GANE WURI

Kwamfutar ba ta dogara da layin waya ko intanet ba wajen sanin inda take. Tana sauraren saƙonni ne daga taurarin ɗan'adam na tsarin da ake kira GPS, mallakar Gwamnatin Amurka, waɗanda ke kewaya duniya sau biyu a kowace rana daga nisan kimanin kilomita 20,200. Kowane tauraro yana aiko da lokacinsa da matsayinsa, ita kuma na'urar ta auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso gare ta. Idan ta samu saƙon taurari huɗu ko fiye, sai ta lissafa wurin da take. A sararin da babu gini ko dutsen da ya tare sama, kamar tsakiyar kogi, kuskuren lissafin ba ya cika wuce mita biyar ba.

Ba haka abin yake tun farko ba. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro tsarin domin amfanin kansu, suka harba tauraron farko a cikin shekarar 1978. Bayan da jirgin saman fasinja na Koriya ta Kudu ya ɓace hanya ya shiga sararin Tarayyar Sobiyet aka harbo shi a watan Satumba na 1983, inda mutane 269 suka rasu, sai Shugaba Ronald Reagan ya yi alkawarin cewa za a bar farar hula su ci moriyar tsarin idan an kammala shi. An kammala shi a 1995, amma da gangan aka riƙa dagula saƙon da farar hula ke samu, har kuskure yakan kai mita 100. Sai a farkon watan Mayu na shekarar 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umurnin a daina dagulawar. Rasha da Tarayyar Turai da Sin su ma sun tsayar da nasu tsarin, wato GLONASS da Galileo da BeiDou, kuma yawancin na'urorin zamani suna sauraren fiye da ɗaya a lokaci guda. Babu wanda ake caji ko sisin kwabo saboda karɓar waɗannan saƙonni.

Abu na biyu shi ne taswira. Kamfanin Navionics, wanda aka kafa a ƙasar Italiya a 1984, yana cikin na farko da suka mayar da taswirar teku ta takarda zuwa ta na'ura, kuma kamfanin Garmin na Amurka ya saye shi a 2017. Akwai kuma C-MAP, da wata manhaja ta kyauta mai suna OpenCPN wadda masu sa kai suka rubuta. Da kamfanin Apple ya fito da iPad a 2010, sauran kamfanoni kuma suka biyo baya da nasu masu araha, sai aikin da a da ke bukatar na'ura ta musamman mai tsada da ake kafewa a jikin jirgi ya dawo cikin abin da mutum zai rungume a hammata.

Alƙiblar da duniya ta fuskanta a bayyane take. Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta wajabta wa manyan jiragen da ke ƙetare teku amfani da taswirar na'ura, aka aiwatar da dokar daki-daki tsakanin 2012 da 2018. Hukumar da ke zana taswirar tekun Amurka ta gama janye taswirorinta na takarda na gargajiya a ƙarshen 2024. Ofishin taswirar teku na Ingila ya sanar a 2022 cewa zai daina buga na takarda nan da 2026, amma da koke-koke suka yi yawa, sai a 2023 ya ɗage wa'adin. Wannan ɗagewa ita kanta darasi ce, domin ta nuna cewa har waɗanda suka fi kowa ci gaba ba su yarda su ɗora dukkan ƙwansu a kan batir da gilashi ba.

DARUSSA BIYU DAGA TEKU

A ranar 10 ga watan Yuni na 1995, wani jirgin yawon shaƙatawa mai suna Royal Majesty, ɗauke da mutane fiye da 1,500 daga tsibirin Bamuda zuwa birnin Boston, ya kafe a kan tudun yashi kusa da tsibirin Nantucket. Bincike ya nuna cewa wayar eriyar GPS ce ta cire jim kaɗan bayan tashinsa, na'urar ta koma yin ƙiyasi, jami'an jirgin kuwa suka ci gaba da gaskata abin da gilashi ke nuna masu har fiye da sa'o'i 30, alhali jirgin ya kauce hanya da mil 17. Ba a rasa rai ba, amma hasarar gyara da ta ciniki ta kai kimanin dala miliyan bakwai.

Na biyun ya faru ne ranar 29 ga watan Nuwamba na 2014, lokacin da jirgin tsere na ƙungiyar Vestas Wind, wanda ƙwararrun matuƙa tara ke ciki, ya afka wa duwatsun ƙarƙashin ruwa na Cargados Carajos a tekun Indiya, arewa maso gabas da ƙasar Morishas, cikin dare kuma a guje. Duwatsun suna cikin taswirar na'urar, sai dai ba su fitowa sosai sai an matso da hoton kusa. Mai lura da hanya ya duba taswirar daga nesa, ya ga kamar ruwa ne mai zurfi. Dukkansu sun tsira, jirgin kuwa ya ragargaje.

Abin da waɗannan haɗura biyu suka koyar shi ne, na'ura ba ta san abin da ba a sa mata ba, kuma ko abin da aka sa mata, sai mai kallo ya san yadda ake nemansa. Idan ƙwararru masu takardun shaida sun faɗa wannan rami, to, wajibi ne a yi hattara kafin a miƙa wa matuƙin kwalekwale kwamfuta a ce masa an gama da matsala.

HALIN DA RUWAYEN NIJERIYA KE CIKI

Alƙaluman Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wadda aka kafa da doka mai lamba 13 ta 1997 kuma hedkwatarta ke Lakwaja, sun nuna cewa ƙasar nan tana da hanyoyin ruwa na kimanin kilomita 10,000, waɗanda kusan kilomita 3,800 daga ciki ke biyuwa a wasu lokutan shekara, kuma jihohi 28 daga cikin 36 ana iya isa gare su ta ruwa. Tarihi ma ya shaida muhimmancinsu ga kasuwancin Arewa, domin layin dogon da ya isa Kano a 1911 daga Baro ya taso, inda ake sauke kaya daga jiragen kogin Kwara. A watan Satumba na 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin daga Warri zuwa Baro, nisan kilomita 572, a kan kuɗi kimanin Naira miliyan dubu 36, sa'an nan a watan Janairu na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Baro. Lissafin da ke bayan wannan ɗawainiya mai sauƙi ne: jirgin dako guda mai ɗaukar tan 1,200 ya ɗauke wa hanyar mota nauyin tireloli 40 masu tan 30 kowace.

Amma kogi ba teku ba ne, kuma nan ne gizo ke saƙar. Dutsen da ke ƙarƙashin teku yana nan inda yake shekara ɗari. Tudun yashin kogin Kwara kuwa yakan tashi daga wannan gefe ya koma wancan bayan kowace damina. Bugu da ƙari, kogin yana cika sau biyu a shekara a yankin Yawuri da Kainji: akwai farin ruwa mai laka da ke zuwa da damina wajen Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma baƙin ruwa, wato ruwan saman da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali kafin ya iso cikin hunturu. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968 ya kuma shanye tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa, tsawonsa ya haura kilomita 130, kuma ruwansa yakan sauka ya hau da kimanin mita goma a cikin shekara. Ba a sare dukkan itatuwan kwarin ba kafin ruwa ya rufe shi, don haka kututturan da ke can ƙasa a watan Disamba su ne ke dab da cikin jirgi idan ruwa ya ja baya.

Taswirorin da manyan kamfanonin waje ke sayarwa sun fi ba da ƙarfi ne a kan gaɓar teku da mashigin tashoshi irin su Legas da Fatakwal, inda manyan jirage ke bi. Wanda ya buɗe su a kan Yawuri ko Ibi ko Numan zai iya ganin siffar kogin, amma da wuya ya samu zurfin da zai dogara da shi. An fara cike wannan giɓi, domin a 2021 Rundunar Sojan Ruwa ta Nijeriya ta karɓi sabon jirgin auna zurfin ruwa mai suna NNS Lana da aka ƙera a Faransa, kuma a 2023 aka ƙaddamar da taswirar ƙasan kogin Kwara daga Lakwaja zuwa Burutu, wadda rundunar ta auna tare da haɗin gwiwar hukumar hanyoyin ruwa da bankunan tallafa wa fitar da kaya waje. Aiki ne mai kyau, sai dai taswirar kogi kamar jarida take, idan ba a sabunta ta ba takan zama labarin jiya.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi tsofaffin taswirorin ƙasar nan. An zana su ne bisa ma'aunin da Turawan safiyo suka kafa a wani wuri kusa da Minna, shi kuwa GPS yana aiki ne da ma'aunin duniya na 1984. Bambancin da ke tsakanin biyun yakan kai kimanin mita 80. Wanda ya kwafo lambobin wuri daga tsohuwar taswira ya zuba a kwamfuta ba tare da ya juya su ba, zai iya ganin kansa a tsakiyar hanya alhali yana kan tudu.

INDA RIBAR TAKE

Duk da haka, babban amfanin kwamfutar allo a kan kogi bai rataya a kan taswirar kamfani ba. Na'urar tana iya rubuta sawun duk inda jirgi ya bi. Ke nan idan gogaggen matuƙi ya bi hanya da rana tsaka, ido na ganin ido, kwamfutar za ta ajiye layin da ya bi, ta kuma ba da damar a sa alama a kan kowane kututture, da kowane dutse, da wurin da masunta ke kafa taru. Ran da hazo ya rufe gaɓa, ko hadari ya taso aka daina ganin tudu, wannan layi shi zai komar da jirgi kwata. Haka kuma ana iya tura layin daga wannan na'ura zuwa waccan, ta yadda abin da matuƙi ɗaya ya gano da safe zai isa ga 'yan'uwansa kafin la'asar. Idan aka haɗa ta da ƙaramar na'urar auna zurfi da ake mannawa a ƙasan jirgi, wasu manhajoji suna zana taswirar zurfin wurin da kansu yayin da ake tafiya.

Ta fuskar kuɗi, man fetur shi ne kan gaba. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga watan Mayu na 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 har ya haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Injin jirgi mai ƙarfin doki 40, irin wanda ya yawaita a koguna, yakan sha lita 15 zuwa 20 a cikin sa'a guda idan an buɗe masa wuta. A ɗauki misali domin lissafi kawai: idan jirgi yana ɓarnatar da minti 20 a rana wajen kewaye-kewaye da laluben hanya, to, lita biyar ke nan ta tafi a banza. In an ƙaddara lita a kan Naira 1,000, an yi hasarar Naira 5,000 a rana, wato Naira 100,000 a cikin kwanakin aiki 20 na wata. Mai jirgin da ya kashe, a ce, Naira 300,000 a kan kwamfuta da jakarta da batirinta zai mayar da kuɗinsa cikin wata uku idan har ya toshe wannan ɓaraka gaba ɗaya, cikin wata shida idan rabinta ya toshe. Kowane mai jirgi zai iya sa nasa alƙaluman a gurbin waɗannan ya ga inda ya tsaya.

Har ila yau na'urar tana nuna ainihin saurin jirgi a kan doron ƙasa, ba a kan ruwa ba. Wannan yana da amfani ga mai hawan kogi, domin ƙarfin ruwa ya fi yawa a tsakiya da kuma bayan kwana, ya fi sauƙi a gefe. Matuƙin da ke ganin lamba a gabansa zai gane layin da ke ba shi tafiya mafi yawa a kan mai mafi ƙaranci, zai kuma gane cewa ƙarin wutar ƙarshe da ake buɗe wa inji yawanci mai take sha ba tare da ta ƙara wani saurin kirki ba. Shi kuma mai jirgin da ke zaune a gari, sawun da na'urar ta rubuta zai nuna masa sau nawa jirginsa ya yi lodi da inda ya tsaya, abin da zai rage gardamar da aka saba yi tsakanin ubangida da yaronsa a kan kuɗin mai da na balas. Irin wannan rubutaccen tarihi shi ne kuma abin da banki ko kamfanin inshora ke nema kafin ya saurari mai neman rance.

Masana tattalin arziki sun daɗe da gano cewa ƙaramar na'urar da ke kawo labari tana iya sauya kasuwa. Binciken da Robert Jensen ya wallafa a 2007 game da masuntan jihar Kerala ta ƙasar Indiya ya nuna cewa bayan shigowar wayar hannu tsakanin 1997 da 2001, zubar da kifin da bai samu mai saye ba ya ƙare, ribar masunta ta ƙaru da kashi 8 cikin ɗari, farashin da masu saye ke biya kuma ya sauka da kashi 4 cikin ɗari. Can labarin farashi ne ya yi aiki, nan kuwa labarin hanya ne, amma tushen ɗaya ne: rashin sani yana da tsada, kuma wani ne ke biya.

RAUNIN NA'URAR

Wanda zai saya ya kamata ya san cewa ba don ruwa aka ƙera wannan kwamfuta ba. Da farko, ba kowace ce ke da GPS a cikinta ba. Samfurin iPad da ba ya ɗaukar layin waya ba shi da shi sam, sai dai a haɗa masa wata ƙaramar na'ura daga waje, haka ma wasu masu araha na sauran kamfanoni. Na biyu, tilas ne a sauke taswira a cikin na'urar tun ana gari, domin a tsakiyar tafki sau da yawa babu sabis. Na uku shi ne zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ƙayyade cewa na'urorinsa su yi aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, alhali zafin Yawuri ko Lakwaja a watannin Maris da Afrilu yakan kai digiri 40 a inuwa. Kwamfutar da aka bari a rana za ta rage haskenta, daga bisani ta kashe kanta, kuma ba ta zaɓen lokaci.

Na huɗu shi ne haske da batir. Gilashin yawancinsu ba ya karantuwa sosai a tsakar rana, na'urorin da aka ƙera musamman domin jirgi sun ninka su haske. Idan kuma aka ƙure hasken, ga GPS yana aiki, batir ba zai kai yini ba, don haka sai an tanadi batirin ajiya ko farantin sola. Da dare kuwa hasken gilashi yana kashe wa matuƙi ido, ya kasa ganin abin da ke gabansa na ɗan lokaci. Na biyar, jiƙaƙƙen yatsa ba ya sarrafa gilashi yadda ya kamata, kuma feshin ruwa kaɗan ya isa ya lalata ramin caji. Maganin wannan shi ne jaka mai hana ruwa shiga, da rumfa, da maƙalin da zai riƙe ta a gaban matuƙi, da igiyar da za ta hana ta faɗawa kogi. Mai hankali kuma zai ajiye kwafin hanyoyinsa a wayar aljihu, ya riƙe kamfas, domin ranar da na'urar ta mutu.

ABIN DA YA FI ƘARFINTA

A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya taso daga yankin Borgu na jihar Neja zuwa kasuwar Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, ɗauke da mutane fiye da 150, ya tsage ya nutse, aka yi hasarar rayuka masu yawan gaske. A watan Yuni na 2023 mutane fiye da 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare, inda rahotanni suka ce jirgin ya daki kututture ne. A farkon watan Oktoba na 2024 wani jirgin ɗauke da kimanin mutum 300, galibinsu mata da yara masu zuwa Mauludi, ya kife da dare a yankin Mokwa. Idan aka dubi waɗannan masifu za a ga abubuwa huɗu suna maimaita kansu: lodi fiye da kima, tsufan katako, tafiyar dare, da rashin rigar kariya.

Daga cikin huɗun nan babu wanda kwamfuta ke warkarwa. Ba ta ganin gungumen da ruwa ya ɗauko jiya, ba ta ganin kainuwar da ta toshe hanya, ba ta kuma ganin wani kwalekwalen da ke tahowa babu fitila. Hasali ma akwai fargabar cewa za ta iya ƙara wa matuƙi ƙarfin halin da bai kamata ba, ya ce tunda yana ganin layi a gilashi, bari ya yi lodin dare. Dokar sufurin ruwa ta cikin gida ta 2023 ta hana tafiyar dare, ta hana wuce ƙa'idar lodi, ta kuma wajabta sa rigar kariya, kuma a 2025 Ma'aikatar Harkokin Teku, wadda aka ƙirƙiro a 2023, ta shiga rabon riguna 42,000 ga jihohin da ke bakin ruwa. Mai jirgin da kuɗinsa bai isa ya sayi riguna da kwamfuta a lokaci guda ba, to, ya fara da riguna.

Inda na'urar za ta taimaka ko a ranar masifa shi ne wajen kiran agaji. Maimakon a ce jirgi ya kife “wajen tsibiri”, za a iya karanta lambobin wurin daidai, masu ceto su nufo kai tsaye, domin a cikin ruwa minti goma ne ke raba mai rai da gawa.

MAFITA GA MASU JARI DA HUKUMA

Tunda hanya ɗaya dukkan jiragen kwata ke bi, ba dole ba ne kowane mai jirgi ya yi aikin auna ta shi kaɗai. Ƙungiyoyin masu jirage, tare da sarakunan ruwa da shugabannin kwata, za su iya haɗa kuɗi su sayi na'ura ɗaya mai kyau da ma'aunin zurfi, su ɗauki tsofaffin matuƙa su bi hanyoyin kasuwanni sau uku ko huɗu a shekara, wato duk lokacin da ruwa ya sauya, sa'an nan su raba wa membobinsu sabon layin a wayoyinsu. Ta haka ilmin da ke cikin kan dattawa, wanda a yanzu yake bin su kabari, zai zama dukiyar ƙungiya. Nan ma akwai abin yi ga matasan da suka iya sarrafa waya: koyar da matuƙa da harshen Hausa da Nufanci, da sayar da jakunkuna da batura, da gyara.

Nauyin da ke kan hukuma shi ne ta cire kututturan da aka riga aka sani, ta kafa alamomin hanya masu iyo, ta faɗaɗa aikin awo daga Lakwaja zuwa Baro da Jebba da Kainji da kuma kogin Binuwai, ta sabunta shi a kai a kai, ta kuma saki taswirorin a sigar da ƙaramar na'ura za ta iya buɗewa, a kan farashin da mai kwalekwale zai iya biya. Taswirar da aka kashe kuɗin jama'a aka zana, idan ta tsaya a cikin durowar ofis, ba ta ceci kowa ba.

Daga ƙarshe, ɗan kasuwar da ke tunanin sa kuɗinsa a wannan fanni ya ɗauki kwamfutar allo a matsayin ɗan rakiyar matuƙi, ba magajinsa ba. Za ta rage masa kuɗin mai, ta komar da jirginsa gida ranar hazo, ta kuma ba shi lissafin da zai nuna wa banki. Amma idon matuƙi, da gorar da yake auna ruwa da ita, da ƙarfin halin da zai ce wa fasinja jirgi ya cika, su ne har gobe ke tsakanin kaya da ƙasan kogi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a kan ruwa sau da yawa maganin ba ya tarar da mai shi.